Kaka Ta Koma Uwa: Abin Da Alƙaluma Ke Faɗa Game Da Damuwar Masu Riƙon Jikoki

A shekarar 1997 Meredith Minkler ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ita da abokan aikinta uku, suka fitar da lambobi biyu waɗanda har yau duk mai magana a kan wannan batu sai ya bi ta kansu: 25.1 da 14.5. Sun ɗauko bayanan kakanni 3,111 daga wani babban binciken iyalai da aka yi a faɗin Amurka, suka ware waɗanda riƙon jika ya dawo hannunsu daga waɗanda jikokinsu ke gaban iyayensu. A cikin masu riƙon, kashi 25.1 cikin ɗari na da alamun ciwon damuwa da suka haura mizani. A cikin sauran kuwa, kashi 14.5 ne.

Idan aka zo ba da labarin, akan ce "ninki biyu". Bai kai ba, ya dai kusa. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce mu tara kakanni dubu a wannan rumfa, dubu a waccan. A rumfar masu riƙon jikoki za a sami 251 da suka haura mizanin, a ɗaya rumfar 145. Ratar mutum 106 ke nan a cikin kowane dubu, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai lambar tana da wata fuska da ba a cika juyowa ba: uku cikin kowane huɗu na masu riƙon ba su haura ba. Su kuma 145 ɗin can, babu jikan da ya hana su barci. Tsufa da talauci da ciwon jiki da rashin abokin zama sun ishe su.

Mene ne mizanin?

Takardar tambayoyi ce da ake kira CES-D, wadda Lenore Radloff ta wallafa a 1977. Tambaya 20 ce, duk a kan makon da ya gabata. Kin rasa sha'awar abinci? Barcinki ya yi ta yankewa? Kin ji komai da ƙyar kike yin sa? Kin yi kuka? Kin ji kaɗaici? Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, gwargwadon kwana nawa abin ya same ta. Ƙarshen maki 60 ne, kuma wadda ta kai 16 ita ce ake cewa ta haura.

To, a nan akwai abin lura. Wannan takarda ba hukuncin likita ba ce, tankaɗe ce kawai, ta nuna wa ya kamata a ƙara dubawa. Ɗauki mace 'yar shekara 62 da aka ajiye wa jariri. Barci ya yanke kullum, maki 3. Komai da ƙyar, 3. Tashi da safe ya zama aiki, 3. Abinci ba ya shiga sosai, 2. Ta tara 11 tun ba a kai ga tambayar baƙin ciki ba, kuma wani kaso na wannan gajiya ce tsantsa da ciwon gwiwa. Wannan na iya kumbura adadin. A ɗaya ɓangaren kuma, duk wanda ya zauna da tsofaffi ya san yadda suke da zurfin ciki. Wadda ke tsoron kada hukuma ta ɗauke mata jika idan ta nuna gazawa, ba za ta buɗe wa baƙo mai riƙe da biro cikinta ba. Wannan kuma na rage adadin. A ganina na biyun ya fi na farkon ƙarfi, amma ra'ayina ne, takardar ba ta raba wannan gardama ba.

Su nawa ne?

Amurka ba ta sa tambayar kakanni masu riƙon jikoki a ƙidayar jama'arta ba sai a 2000, bayan dokar gyaran tsarin tallafin marasa ƙarfi ta 1996 ta umarci hukumar ƙidaya da ta yi hakan. Abin da aka samu: kakanni miliyan 5.8 na zaune gida ɗaya da jikokin da ba su kai shekara 18 ba, kuma miliyan 2.4 daga cikinsu sun ce su ke ɗauke da ci da sha da suturar yaran. Kusan biyu cikin uku mata ne. Kashi 19 cikin ɗari na ƙarƙashin layin talauci, alhali a ƙasar gaba ɗaya kashi 12 ne da ɗoriya. Mafi yawansu ba su kai shekara 60 ba, wato hoton tsohuwa tukuf mai sanda da ke zuwa mana a rai ba shi ne ainihin hoton ba. Da yawa mata ne masu fita aiki da safe, su dawo su tarar da aikin gida na 'yan firamare yana jiran su.

Abin ya daɗe yana hawa kafin a ƙirga shi. A 1970 yara miliyan 2.2 ne ke zaune a gidajen da kakanni ke jagoranta, kashi 3.2 cikin ɗari na yaran ƙasar. Zuwa 1997 sun kai miliyan 3.9, kashi 5.5. A 2012 kakannin da ke ɗauke da nauyin jikoki sun kai miliyan 2.7. A 2021 sun sauko zuwa miliyan 2 da 'yan kai, daga cikin miliyan 6.7 da ke zaune da jikoki.

Mai karanta wannan saukowa zai ce an sami sauƙi. A duba wata lambar tukuna. A 2000 kashi 39 cikin ɗari na masu riƙon ne suka yi shekara biyar ko fiye suna yi. A 2021 kusan rabi ne. Masu riƙon sun ragu, riƙon ya ƙara tsawo. Yaron da aka kawo da sunan "kafin uwarsa ta farfaɗo" ya shiga firamare, ya fita, uwar ba ta zo ba.

Akwai kuma rabe-raben da ya fi kowanne muhimmanci a wannan nazari. Cikin miliyan 2.4 na shekarar 2000, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ke zaune a gidan da babu uwa babu uba, daga kaka sai jika. Mu kira shi gida mai giɓi. Sauran suna da ɗa ko 'ya a gidan, ko da ba ya iya taɓuka abin kirki. A riƙe wannan, domin duk lambobin da ke tafe a kansa suke juyawa.

Riƙon ne, ko dama can?

Tambayar da ke biye ita ce: riƙon ne ya jawo damuwar, ko kuwa dama masu damuwar ne riƙon ya fi faɗowa a kansu? Gidan da talauci da shaye-shaye da ɗauri suka shiga har suka raba uwa da ɗanta, ai kakar wannan gida ba a cikin jin daɗi take ba tun kafin a miƙo mata yaron. Su Minkler sun san da wannan. Binciken da suka yi aiki da shi ya tambayi mutanen sau biyu, a ƙarshen shekarun 1980 da kuma tsakanin 1992 da 1994, don haka suka iya cire damuwar da mutum ke da ita tun farko daga lissafi. Bayan an cire, ratar ba ta ɓace ba.

Shekara goma bayan haka, a 2007, Mary Elizabeth Hughes da Linda Waite da abokan aikinsu suka zo da adadi mafi girma: kakanni 12,872 masu shekara 50 zuwa 80, an bi su daga 1998 zuwa 2002. Sakamakonsu ya sanyaya gwiwar masu son babban kanu. Ba su ga shaidar cewa kula da jikoki na rusa lafiyar kakanni gaba ɗaya ba, kuma mafi yawan bambancin da ake gani ya samo asali ne daga halin da mutanen ke ciki tun kafin riƙon. Kakanni mata masu zuwa reno na 'yan sa'o'i su koma gida ma, alamun amfanuwa aka gani a wurinsu. Inda alƙalamin ya karkata ƙasa wuri ɗaya ne: kakanni mata a gida mai giɓi. A nan ne aka ga damuwa ta ƙaru, kuma yadda suke kimanta lafiyarsu ya ja baya.

Binciken nan biyu ba faɗa suke yi ba, ko da yake akan gabatar da su kamar kishiyoyi. Na farko ya ce akwai nauyi. Na biyu ya nuna kan wa nauyin ya sauka.

Daga Jamus aka sami ɗaya gefen. Wani nazari na 2017 a kan mutum sama da 500 masu shekara 70 zuwa 103 a birnin Berlin ya nuna cewa kakannin da ke taya renon jikoki lokaci-lokaci haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da kashi 37 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba sa yi. Labarin ya zaga duniya da kanun cewa reno na tsawaita rai. Abin da kanun ya haɗiye shi ne, masu binciken da kansu sun fitar da masu riƙo na dindindin daga lissafin. Kuma dama mai ƙoshin lafiya ce ke iya bin yaro ɗan shekara uku a tsakar gida, saboda haka wani kason na 37 ɗin lafiyar ce ta kawo renon.

Akwai kuma lambar da ke tsorata mutane. A 2003 masu bincike na Jami'ar Harvard sun duba ma'aikatan jinya mata 54,412, masu shekara 46 zuwa 71, daga 1992 zuwa 1996. Waɗanda ke kula da jikoki sa'a tara ko fiye a mako, haɗarin ciwon zuciyarsu ya fi na sauran da kashi 55 cikin ɗari. Kashi 55 na da amo a kunne. Amma a cikin matan nan duka, 321 ne suka kamu a shekara huɗun, wato kusan shida a cikin dubu. Ƙarin rabi a kan shida bai wuce uku ba, kuma idan masu ciwon ba su da yawa haka, tazarar kuskuren lissafi takan yi faɗi. Ishara ce, ba a gina gida a kanta.

Wanda ya fi kusantar rayuwar yau da kullum shi ne aikin Carol Musil ta Jami'ar Case Western Reserve da ke Cleveland. Ta bi kakanni mata 485 a jihar Ohio tsawon wata 24, ta kasa su uku: masu riƙo su kaɗai, masu zama gida ɗaya da 'ya'ya da jikoki, da waɗanda ba sa zama da jika. A rahoton 2011, kason farko ne ya fi kowa matsin rai, ya fi kowa rikicin cikin gida da alamun damuwa, ya fi kowa raunin jiki, kuma su ne suka fi jin babu mai tallafa musu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne waɗanda suka sauya kaso ana cikin binciken. Wadda nauyinta ya ƙaru, lafiyar jikinta ta ja baya, matsin ranta ya hau. Mace ɗaya ce, kafin da bayan, don haka ba za a ce dama can haka take ba.

Ina iyayen suka tafi?

Lambobin damuwar ba za su fahimtu ba sai an san me ya buɗe giɓin. Kafin lambobin 1997, Minkler ta zauna da kakanni mata 71 baƙar fata a birnin Oakland, waɗanda annobar hodar ibilis ta shekarun 1980 ta bar musu jikoki, ita da Kathleen Roe suka wallafa abin da suka ji a 1993. Bayan wannan sai ga annobar ƙwayoyin kashe raɗaɗi, wadda ta shiga har ƙauyukan farar fata. A 2021 kaɗai, sama da mutum 100,000 suka mutu a Amurka sanadin shan ƙwaya fiye da kima. Wani nazari na 2024 ya ƙiyasta cewa yara 321,566 sun rasa uwa ko uba ta wannan hanya tsakanin 2011 da 2021. A 2018 aka sa hannu a kan dokar tallafa wa kakanni masu riƙon jikoki, wadda abin da ta kafa majalisar ba da shawara ce.

Saboda haka kakar da ta sami maki 22 a takardar Radloff, ba goyo kaɗai ke cin ta ba. Ta binne 'yarta, ko 'yar na gidan yari, ko kuma, wanda wasu ke cewa ya fi duka ciwo, tana raye tana yawo, ta zo yau ta yi wa yaro alkawari, ta ɓace wata shida. Takardar ba ta da gurbin da za a rubuta "ina tambayar kaina inda na kuskure a tarbiyyarta". Jikan ma sau da yawa shi ne dalilin da ke tayar da ita daga shimfiɗa.

A ƙasar Sin giɓin na ci-rani ne, kuma can ne aka ga yadda ma'anar kalma ke wasa da adadi. Ƙungiyar mata ta ƙasar ta ce a 2013 yara miliyan 61 aka bari a ƙauyuka iyaye sun tafi birni neman kuɗi. A 2016 ma'aikatar gwamnati ta ce miliyan 9.02 ne. Ba komowa gida iyayen suka yi ba, sharuɗɗan aka matse: aka sauko da shekaru daga 18 zuwa 16, aka kuma daina ƙirga mafi yawan yaran da uwa ko uba ɗaya ke gida. Cikin miliyan 9 ɗin, kusan kashi 89 cikin ɗari a hannun kakanni suke.

A kudanci da gabashin Afirka cutar ƙanjamau ce ta ɗauke na tsakiya, kuma har yanzu yara kusan miliyan 14 a duniya marayunta ne, mafi yawansu a wannan nahiya. Daga can ne aka sami amsar wata tambaya: idan kuɗi ya shiga hannun kaka, ina yake zuwa? A farkon shekarun 1990 Afirka ta Kudu ta daidaita fanshon tsofaffi ga baƙar fata, ya kai rand 370 a wata a 1993, kusan ninki biyu na matsakaicin abin da mutumin karkara ke samu. Esther Duflo, wadda daga baya ta sami kyautar Nobel a 2019, ta duba gidajen. Inda kaka mace ce ke karɓar fanshon, 'yan mata ƙanana sun ƙara nauyi da tsawo sosai. Inda namiji ne ke karɓa, ba a ga wannan ba. Yaran ta auna, ba zuciyar kakar ba, amma wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana lissafin kuɗin koko da asuba ya san abubuwan biyu ba sa nesa da juna.

A gidajenmu

Riƙon jika ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wurin kaka ake kai yaye. Ɗan fari, saboda alkunya, sau da yawa a ɗakinta yake girma. Wannan irin riƙo ya fi kama da na Berlin: uwa na nan, uba na aiko da hatsi, matan gida na taya ta. Shi ya sa in ka ce wa mutum riƙon jika na jawo ciwon damuwa zai yi maka dariya, kuma a kan irin riƙon da ya sani yana da gaskiya.

Amma mu ma muna da gida mai giɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 82,000 ne suka mutu a Nijeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, wato wajen 225 a kowace rana, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya. Jariran da suka rayu, kowa ya san ɗakin da ake fara kai su. Gwamnatin Borno a zamanin Kashim Shettima ta ba da adadin marayun rikicin Boko Haram sama da 50,000. A ƙara da mutuwar aure, inda uwa ta yi sabon aure, uba ya yi sabuwar mata, yaro ya tsinci kansa wurin tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli.

Akwai asarar da babu takardar da ke auna ta. A al'adarmu kaka abokiyar wasa ce. Jika namiji "maigidana" ne, mace "kishiyata". Gun ta ake gudu idan uwa ta ɗauko bulala. Ranar da riƙo ya dawo hannunta ita kaɗai, bulalar ta koma hannunta, wasa ya mutu. Yaro ya rasa uwa, sannan ya rasa kaka, ita kuma ta rasa ɗan hutun da ta ƙwallafa rai a kai bayan shekara talatin tana ɗawainiya.

Game da damuwar tsofaffi a Nijeriya, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun wallafa a 2007 binciken mutum 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a yankunan masu jin Yarabanci. Kashi 26.2 cikin ɗari sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kashi 7.1 kuma a cikin wata 12 da suka gabata, mata sun fi maza. Kada a ɗora 26.2 ɗin nan kusa da 25.1 na Amurka a ce ɗaya ne. Wancan alamun mako guda ne, wannan ciwon ne kansa a tsawon rayuwa, kuma ba a kan masu riƙon jikoki aka yi shi ba. Wanda za a iya kwatantawa shi ne 7.1, da ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 na kashi 5.7 ga waɗanda suka haura 60. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar kuwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Ko da suna da yawa, tsohuwar ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba. Za ta ce jiki ne babu daɗi, ko hawan jini ne, ko kuma maƙwabta su ce, "Iya, tunani ya yi miki yawa, ki bar wa Allah."

Wannan magana ta yawan tunani tana da 'yar'uwa a harshen Shona na Zimbabuwe, "kufungisisa", yawan tunani. A kanta likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya gina wani shiri a 2006 a unguwar Mbare ta birnin Harare. Ya horar da kakanni mata 14, aka kafa musu bencin katako a harabar asibiti, mai damuwa ya zo ya zauna su warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. A 2016 aka wallafa gwajin da aka yi da mutum 573 a ƙananan asibitoci 24. Bayan wata shida, waɗanda aka bari da kulawar da aka saba, kashi 49.9 cikin ɗari na da alamun ciwon damuwa. Waɗanda suka yi zama shida a kan benci, kashi 13.7.